Daga allon shago zuwa zauren baje koli: hanyar da matasan masu zane ke bi a Gana

Ba a rasa mai zane a zango. Allon mai aski da ke nuna salon aski kala-kala, rubutun hikima a bayan trotro, sunan makarantar Islamiyya da aka ƙawata a bango, adon zare a wuyan riga, lallen amarya, duk aikin hannun 'ya'yanmu ne. Ka zaga Nima, Mamobi da Sabon Zango a Akra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, za ka ga baiwa tana kwance a bakin titi.

A daidai wannan lokaci kuma sunan Gana ya yi tashe a duniyar zane. Ana kai ayyukan 'yan ƙasar nan Landan, Faris da New York, ana sayensu da kuɗin da zai gina makaranta sukutum. To, me ya raba yaron da ke rubuta allon shago a ba shi 'yan sidi, da takwaransa da ake rataye aikinsa a manyan zauruka? Idan ka bi tarihin waɗanda suka yi fice, za ka tarar da abu biyu suna ta maimaituwa: horon da ake samu bayan an iya riƙe buroshi, da baje kolin haɗin gwiwa inda sabon hannu ke fara nuna kansa tare da 'yan'uwansa.

Me ake nufi da fasahar zamani?

Da yawa daga cikinmu in an ce mai zane, abin da ke zuwa a rai shi ne wanda zai zana fuskarka ta fito kamar hoto. Wannan reshe ɗaya ne kawai. A fasahar zamani, mai aiki na iya ɗaukar kowane irin kaya ya faɗi magana da shi.

Dattijo El Anatsui, haifaffen yankin Bolta, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka ta Najeriya daga 1975 har ya yi ritaya a 2011, marafan kwalabe yake tarawa, a daddake su, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe har su zama kamar wani ƙaton mayafi mai ƙyalli. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987, ya yi suna da tsofaffin buhunan algarara. Buhun yakan shigo ƙasar nan sabo don zuba koko, daga baya ya faɗa hannun 'yan kasuwa a zuba masara, a zuba gawayi, har ya yi baƙi ya yayyage. Shi kuwa sai ya karɓi tsofaffin, a ɗinke su, ya lulluɓe gini da su. Duk wanda ya taɓa dako a kasuwa ya san labarin da buhun nan ke bayarwa, ba sai an fassara masa ba. A 2015 aka nuna wannan aiki a babban baje kolin birnin Venis na Italiya, wanda ɗan Najeriya Okwui Enwezor ya tsara, a 2017 kuma a Documenta ta birnin Kasel a Jamus.

Ka ga ke nan kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗan zango ba. Abin da ke da wuya shi ne koyon tunanin da ke bayan aikin, da sanin ƙofar da ake shiga da shi.

Abin da aka fara a Kumasi

Labarin ya faro ne daga sashen zane da sassaƙa na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda mutanen Kumasi ke kira Tek. Shekaru da dama abin da ake koyarwa a can bai wuce zanen kasuwa, masunta da mata ɗauke da tulu ba, irin wanda baƙi masu yawon buɗe ido ke saye. A farkon shekarun 2000 wani malami mai suna kari'kacha seid'ou, tare da wasu abokan aikinsa, suka fara sauya salon koyarwa. Suka buɗe wa ɗalibai hanya su yi aiki da duk abin da ke kewaye da su, su kuma fita daga harabar jami'a su nuna ayyukansu a cikin gari: a kasuwa, a tashar mota, a gine-ginen da aka yi watsi da su. Ibrahim Mahama yana cikin ɗaliban da suka taso a wannan hannu.

Daga nan ne ƙungiyar blaxTARLINES ta fito, wadda ta haɗa malamai, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai. A 2015 suka yi baje kolin Silence Between the Lines a wani zauren sayar da motoci a Kumasi. A shekarar dai suka sauko Akra da The Gown Must Go to Town, wato rigar jami'a dole ta shiga gari. Suka biyo da Cornfields in Accra a 2016, sai Orderly Disorderly a 2017. Waɗannan ukun an yi su ne a Gidan Tarihin Kimiyya da Fasaha na Akra, ginin da aka fara tun zamanin Nkrumah aka daɗe ba a kammala shi ba. Kowane baje koli ya tara gomman masu fasaha, kuma an jera aikin ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a zaure ɗaya da na malaminsa da na waɗanda suka riga suka yi suna.

Wannan jerawa ita ce zuciyar maganar. Matashin da ba wanda ya san shi ba zai iya cika zaure shi kaɗai ba, ba shi da kuɗin haya, ba shi kuma da jama'ar da za su zo dominsa. Amma in sun kai hamsin, kowa ya gayyato nasa, sai zaure ya cika. Wanda ya zo ganin aikin babban suna, dole ya ratsa ta gaban aikin ƙaramin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana.

Darasin da ba a koya a aji

A matsayina na malamin makaranta, abin da ya fi jan hankalina a irin wannan baje koli shi ne yadda yake zama makaranta ta biyu. A kwalejin horon malamai, ko nawa ka haddace na dabarun koyarwa, ba ka zama malami sai ka tsaya gaban yara a lokacin gwajin koyarwa, wani gogagge yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka. Haka abin yake ga mai zane.

A baje kolin haɗin gwiwa ne matashi ke fara sanin cewa akwai ranar da dole aiki ya kammala, ko ya shirya ko bai shirya ba. A nan yake koyon naɗe aiki a ɗora a mota daga Kumasi zuwa Akra ba tare da ya lalace ba. A nan yake koyon auna bango, kafa ƙusa, daidaita fitila don haske ya faɗa inda ake so. Yana koyon aiki da mai tsara baje koli, wato wanda ke zaɓen ayyuka ya kuma yanke inda kowanne zai zauna, wanda zai iya ce masa: "Cikin ayyukanka biyar, ɗaya kawai za mu ɗauka." Sannan ranar buɗewa, yana tsaye kusa da aikinsa, wata tsohuwa ko wani ɗan firamare zai tambaye shi, "Wannan kuma mene ne?" In ya kasa ba da amsa a cikin jimla biyu, ya san akwai sauran aiki a gabansa.

Bayan an tashi kuma, sunansa ya shiga ɗan littafin baje kolin, yana da hotunan aikinsa a rataye a zaure na gaske. Da waɗannan zai nemi dama ta gaba, domin duk masu ba da horo ko tallafi abin da suke fara tambaya shi ne: a ina ka taɓa nuna aikinka?

Wuraren horo bayan makaranta

Baya ga baje koli, akwai shirye-shiryen da aka tsara musamman don goge sababbin hannu. Gidauniyar FCA-Ghana, wadda aka kafa a Akra a 2004, tana da ɗakin karatu na littattafan fasaha, tana kuma shirya tattaunawa da bita. Da haɗin gwiwarta ne ƙungiyar Exit Frame ta fara shirin CritLab a 2020, inda ake tara masu zane, masu tsara baje koli da marubuta na 'yan makonni, a yi karatu tare, kowa kuma ya kawo aikinsa a feɗe shi a gabansa.

Wannan zama na feɗe aiki shi ne abin da ya fi wa sabon shiga zafi, shi ne kuma ya fi amfani. Za ka ajiye abin da ka kwana kana yi, mutum goma su zagaye shi. Wani ya ce me ya sa ka zaɓi leda ba yadi ba? Wata ta ce wannan launi da ka sa a gefe me yake yi a nan? Wani kuma ya ce ai wane ya riga ya yi irin wannan shekaru ashirin da suka wuce, ka san shi? Ba zagi ba ne, gyara kayanka ne, wanda ba ya zama sauke mu raba. Yaron da ya saba da yabon abokai a Facebook da Instagram yakan sha mamaki a ranar farko.

Akwai kuma masaukin masu fasaha, inda ake ba mutum ɗakin aiki na wasu makonni ko watanni, wani lokaci har da wurin kwana da kuɗin kayan aiki, don ya mai da hankali ga aikinsa kawai. Amoako Boafo, ɗan Akra da ya yi karatu a kwalejin Ghanatta kafin ya tafi Biyana ta Ostiriya, ya buɗe irin wannan wuri mai suna dot.ateliers a unguwar Osu a ƙarshen 2022. Gidauniyar Nubuke da ke East Legon ta daɗe tana baje kolin ayyukan matasa, tana kuma da cibiya a kusa da Wa inda ake aiki da masaƙa. A ɓangaren gasa, akwai kyautar Kuenyehia, wadda mai zanen barkwanci Bright Ackwerh ya ci a 2016, da kyautar Yaa Asantewaa ta mata zalla da Gallery 1957 ta ƙaddamar a 2021. 'Yan matanmu masu hannu su lura da wannan ta ƙarshe.

Tamale ta shiga taswira

A da, ɗan arewa da ke son wannan harka dole ya sauko kudu. Ibrahim Mahama ya juya akalar. Da kuɗin da yake samu daga sayar da ayyukansa ya gina cibiyar SCCA a Tamale, aka buɗe ta a watan Maris na 2019. Abin lura, bai buɗe ta da nasa aikin ba. An buɗe ta ne da baje kolin ayyukan dattijo Kofi Dawson, don matasa su san waɗanda suka share musu hanya. A 2020 ya ƙara da Red Clay a bayan gari, inda aka jawo tsofaffin jiragen sama aka mai da cikinsu azuzuwan yara, aka kuma ajiye tsofaffin taragun jirgin ƙasa. A 2021 sai Nkrumah Volini, wani rumbun ajiyar hatsi na siminti da aka yasar tun bayan kifar da gwamnatin Nkrumah a 1966.

'Yan makaranta na zuwa waɗannan wurare rukuni-rukuni. Yaron da bai taɓa zuwa filin jirgi ba sai ga shi zaune cikin jirgi yana zane. Aikin kuma na samar wa mutanen gari abin yi. A 2024, lokacin da Mahama ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da yadi mai faɗin kusan murabba'in mita 2,000, ɗaruruwan masaƙa da maɗinka ne suka yi aikin da hannu a Tamale, aka shimfiɗa shi a filin wasa na Aliu Mahama ana haɗawa, aka kuma ɗinka tsofaffin batakari kusan 100 a jikinsa. Rigar da kakanninmu ke sawa ce ta je ta rufe bango a Ingila.

Kasuwa ba ta da tausayi

Akwai wani dalilin da ya sa horo ya zama dole, shi ne kuɗi. A watan Fabrairun 2020 an yi gwanjon wani zanen Amoako Boafo a Landan. An yi hasashen zai kai fam 30,000 zuwa 50,000, sai aka saye shi fam 675,000. Labari ya bazu, kowa na cewa yaro ya yi arziki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin gwanjo na wanda ya kai zanen ne, wato wanda ya saye shi tun farko da araha. Mai zanen yakan tsaya ne yana kallo.

Bayan wannan, dillalai suka yi ta kwararowa Akra suna neman sabon hannu da za su saya da sauƙi su sayar da tsada. Matashin da ke fama da kuɗin haya, in aka zo aka ce za a kwashe duk abin da ke ɗakinsa a ba shi kuɗi a hannu, da wuya ya ce a'a. In kasuwar ta juya, farashinsa ya faɗi, dillali ya koma kan wani, shi kuma a bar shi ba aiki a hannu, ba suna mai ɗorewa.

Shi ya sa a wuraren horo na ƙwarai ake koyar da abubuwan da ba su da daɗin ji amma suke tsare mutum. A al'adar wannan kasuwa, gidan da ke sayar maka da aiki yakan ɗauki kusan rabin kuɗin, don haka ka san wannan kafin ka sa farashi. Kada aiki ya bar hannunka sai da takarda mai nuna sunan aikin, girmansa, farashinsa, wanda ya karɓa da ranar da za a biya ko a dawo da shi. Ka ajiye hoton kowane aiki da bayanin inda ya tafi. Sayar da zane kuma ba ya nufin ka sayar da haƙƙin buga hotonsa a riga ko a talla, sai in an rubuta haka. Mu da aka umarce mu da rubuta bashi in mun ƙulla shi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Ina 'yan zango a ciki?

Muna ciki, sai dai ba mu kai yawan da ya kamata ba. A Nima akwai ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, sunanta ma da Hausa ne, wadda ta yi zane-zane a bangayen unguwa ta kuma koyar da yara. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Rufai Zakari, ɗan Bawku da ya yi koyon aiki a Nima. Shi ledojin ruwa da na kayan masarufi yake tarawa, a wanke, a yanka, a ɗinke su su zama hotunan mutane masu launi, kuma ayyukansa sun kai har Landan. Moh Awudu, shi ma ɗan Nima, ya yi suna wajen zanen bango, ciki har da bikin Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011. Ledar da ke toshe mana kwata ita ce wani ya mai da abin nunawa a ƙasar waje.

Abubuwan da ke tare wa sauran hanya sanannu ne. Na farko labari: sanarwar neman shiga horo ko baje koli a intanet take fita, da Turanci, kuma wanda ba ya bin shafukan waɗannan cibiyoyi sai ya ji bayan an rufe. Na biyu rubutu: ana buƙatar ɗan bayani a kan aikinka da taƙaitaccen tarihinka, yaro kuwa na iya zama gwani da hannu amma alƙalami ya gagare shi. Na uku kuɗin mota da na kayan aiki. Na huɗu, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne damuwar iyaye game da hukuncin zana abu mai rai.

Wannan damuwa ba abin rainawa ba ce, kuma hukuncinta na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya ƙarawa shi ne filin yana da faɗi. A buhunan Mahama da marafan El Anatsui ba a zana fuskar kowa ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo, ya gina salonsa ne a kan haruffan Larabci, kuma a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin ayyukan rayuwarsa. Yaron da ya iya zayyanar allo, yarinyar da ta iya lalle ko saƙa, ɗan maɗinkin da ya taso cikin adon riga, duk suna da jarin da ɗalibin jami'a ke nema ido rufe.

Abin da ke hannunmu

Mu malamai mu ne a farkon layi. Tun da aka sabunta manhaja a 2019, darasin fasahar ƙirƙira yana cikin jadawalin makarantun firamare, amma a wurare da yawa shi ne ake fara sadaukarwa in lissafi ya ci lokaci. Mu daina haka. In zangon karatu ya ƙare, a share aji ɗaya, a rataye ayyukan yara da sunan kowa a ƙasa, a gayyato iyaye. Baje kolin haɗin gwiwa ke nan, ba ya cin komai sai igiya da 'yan ƙusoshi. Makarantun da ke Tamale da kewaye su nemi rana su kai yara Red Clay, na Akra su kai su Nubuke. Gani ya kori ji. Malamin Turanci kuma ya zauna da tsohon ɗalibinsa na awa ɗaya ya taya shi rubuta bayanin aikinsa, sadaka ce mai gudana.

Kai kuma matashi, ka zaɓi ayyukanka goma mafiya kyau, ka ɗauki hotonsu da rana a jikin bango mai tsabta, wayarka ta isa. Ka rubuta sunan kowanne, shekararsa, girmansa da kayan da ka yi shi da su. Ka riƙa zuwa buɗe baje koli ko ba aikinka a ciki, ka gaisa da mutane, in ana neman masu taya rataye aiki ka ba da hannu. In ka nema ba a ɗauke ka ba, ka sake nema a zagaye na gaba.

Sarakunan zango, shugabannin matasa da masu hali kuwa, ba gini ake roƙonku ba. Aron zauren taro na mako guda, ko shagon da ba kowa a ciki, da kuɗin fenti da na fitila, sun isa matasa goma sha biyar su nuna wa unguwa abin da suka iya. Mutanen Kumasi a zauren sayar da motoci suka fara. Allah Ya sa wa hannun 'ya'yanmu albarka.